Kilo Saba'in da Na Sa wa Inna

Sana'ata awo ce. Ina da shagon abincin kaji a bayan kasuwar Terminus a nan Jos, kuma tun safe har la'asar aikina ke nan, in ɗora buhu a sikeli, in sauke, in ƙara waken suya, in rage dusa. Mahaifina ma awo ya yi, sai dai shi kuza ya auna, a zamanin da ake haƙarta gadan-gadan. Wanda ya daɗe yana wannan aiki idonsa kan lalace ta wata fuska. Ba na iya ganin abu in ƙyale shi, sai na sa masa kilo. In na shiga masallaci, kafin a tayar da salla na gama auna sahun gaba. Matata ta sha ce mini wannan ba hali ba ne, ciwo ne, ban kuwa taɓa yi mata musu ba.

Shekarar da na sayi mota, wata 'yar Kwatano mai kujera biyar, ina wanke ta ranar farko sai na ga wata 'yar takarda manne a ginshiƙin ƙofar direba. Na durƙusa na karanta. Waɗanda suka ƙera motar ne suka rubuta cewa nauyin mutane da na kaya, in an haɗa su duka, kada ya wuce kilo ɗari huɗu, kuma direba ma yana cikin lissafin. Wallahi daɗi na ji, kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a wani gari mai nisa. Ashe akwai masu irin ciwona a duniya. Na kira matata ta zo ta gani. Ta duba, ta ce, “To, Allah ya sanya alheri,” ta koma kan tukunyarta.

A unguwarmu Dutse Uku babu mai ruwa da wannan takarda. Mu a wurinmu, matuƙar ƙofa tana rufuwa to mota ba ta cika ba, but kuma ko ya ƙi rufuwa ai akwai igiya. Kujera ake ƙirgawa, ba nauyi ba, kujerar ma ta mutum uku huɗu take ci in an ɗan matsa. Bakanikena ya taɓa ba ni shawara da zuciya ɗaya. Ya ce, “Oga, kawo in cusa maka roba a sifirin na baya, motar za ta ɗaga. Ko buhu biyar ka ɗora ba wanda zai gane.” Na ce masa, “To birkin fa, shi ma za ka cusa masa robar?” Ya yi dariya ya ce ni dai na cika tsoro. Abin da robar nan take yi kawai shi ne ta ɓoye wa ido nauyin. Taya da birki kuwa suna nan suna ɗauke da shi, kuma su ne za su tsayar da kai a gangara.

Cikin watan Agusta na wata shekara, ƙanwata, autar gidanmu, ta haihu a Keffi inda take aure. Haihuwarta ta fari ce. Suna ya kama ranar Asabar, muka shirya tafiya ranar Juma'a da sassafe. Mu huɗu ne za mu tafi. Ni ne direba, sai Inna, wato mahaifiyata, sai Goggo yayar mahaifina, sai kuma Mama. Goggo ita ta raine ni, domin ni ne ɗan fari, kuma Inna irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, in za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa in ɗauka. Gida ɗaya muke da ita, sashenta daban nawa daban, kullum da safe ina tsugunawa daga bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa daga ciki. Mama kuwa tsohuwar maƙwabciyarmu ce, Kirista 'yar asalin tudun nan, ƙawar Inna tun kafin a haife ni. Ta daɗe da komawa wajen ɗanta a gefen Rayfield, amma ba a yin mako biyu ba ta zo sun ƙule a ɗaki da Inna ba. Ita ta fara yi wa ƙanwata wanka ranar da aka haife ta, saboda haka Inna da kanta ta gayyace ta.

Mutum huɗu a mota mai kujera biyar, ko ni hankalina kwance yake. Abin da na manta shi ne saƙo.

Mutumin Jos ba ya gangarawa ƙasar zafi hannu rabbana. Can jira ake yi a kawo dankalin Turawa, da kabeji, da karas, da koren tattasai, da acca. In kuma aka ji cewa motar gidan wane za ta tafi, duk wanda yake da ɗa ko 'ya a kan wannan hanya zai ɗaure nasa ya kawo. Ba a neman izinin direba, uwar gida ake gaya wa. Daga baya na ji cewa tun ranar Laraba Inna take ce wa mata, “Ku kawo mana, ai motar gida ce.” Shi kuwa saƙo, da zarar an karɓe shi da hannu ya zama amana. Ba a mayar wa mai shi, ba a kuma miƙa shi ga wani can ya kai. Wanda ya yi haka za a daɗe ana ba da labarinsa a gidajen biki.

Na fito bayan sallar asuba na tarar da zaurenmu ba wurin sa ƙafa. Ana yayyafi, ga irin sanyin nan na Agusta mai shiga ƙashi. Mata sun tsaya a ƙofar gida cikin suwaita da mayafai, kowace tana gadin ƙullinta da ido. Wannan na 'yarta ne a Akwanga, wancan na ɗanta mai karatu a Keffi, ga na surukar wance. Ga kuma namu na gida, garin kunu, da yaji, da akwatin kayan jaririya, da babbar tukunya. Ina cikin kallon wannan tudu sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, Mama ta sauko tana fara'a, mai keken ya jawo wani buhun dankali da ƙyar ya dire shi a gabana.

“Daga gonan mu ne, my son,” in ji ta. “Jiya aka tona. Mai jego zai ci ya ji daɗi.”

Na ɗan ɗaga kunnen buhun. Tamanin ne, babu ko tantama. Na yi mata godiya da murmushin dole.

Na fara lodi. In sa wannan, in ciro, in sake juya shi, in zaga motar in duba taya, in dawo. But ya cika, na danna shi ya rufu da ƙyar. Sauran kaya na jera a ƙarƙashin ƙafafu da bayan kujera har suka kusa rufe gilashin baya. Kafin kowa ya shiga, na sa hannu tsakanin tayar baya da jikin mota, yatsu uku suka shiga da ƙyar. Na kasa tsayawa wuri ɗaya. Matata ta miƙo mini shayi, na karɓa na ajiye a kan mota, ban sake tunawa da shi ba.

Goggo ta shiga gaba, motar ta yi wani nishi. Inna da Mama suka shiga baya. Na tayar, na ja a hankali, muna hawa kan murfin kwatar da ke ƙofar gida sai salansa ta goge ƙasa, ƙiiii, har cikin haƙorana. Na taka birki na kashe mota. Abin da ya zo mini a rai Hawan Kibo ne, wannan doguwar gangara mai lanƙwasa da ake bi in za a sauka daga tudun Jos. Duk direban garin nan ya san ta, kuma ba wanda ke wasa da ita da damina.

Na ce, “Ku yi haƙuri, ku sauko. Motar nan ba za ta tafi a haka ba.”

Da a nan na tsaya na ja Inna gefe, da wataƙila an sami mafita. Amma ni in hankalina ya tashi bakina ba ya jin birki. A gaban matan unguwa na buɗe ƙofar direba ina nuna takardar nan da yatsa, ina bayani kamar malamin makaranta. Na ce ɗari huɗu aka yarda mata. Na ce kayan nan kaɗai sun kai ɗari da hamsin da biyar. Na ce ni tamanin ne. Sannan na juya na dubi Goggo na ce casa'in da biyar, kuma Allah ya sani goma na rage mata don girmamawa.

Goggo ta riƙe haɓa. “La'ilaha illallahu! Ni za ka auna? Ni da na goya ka? Buhun dusa ka mayar da ni? Jama'a ku ji mini yaron nan!”

Matan suka kwashe da dariya. Mama ta gyara tsayuwa ta buɗe hannu ta ce, “Ni fa, nawa ne?” Na ce saba'in. Ta ce ta gode, ta ɗauka ta fi haka. Aka sake yin dariya, ni kuwa raina ƙara ɓaci yake yi, don na ga sun ɗauki abin wasa.

Na ce, “Ba wasa nake yi ba. Kilo saba'in ya hau. Dole a rage. A bar wasu kayan, ko kuma in kai su tasha a sa a motar haya, in mun isa in karɓa.”

Dariyar ta ɗauke. Wata tsohuwa da ta kawo ƙullin acca ta dubi ƙasa, ta fara gyara bakin mayafinta. Wata ta ce a hankali, “To ko a ba ni nawa, ba komai.” Duk wanda ya san matan unguwarmu ya san irin wannan ba komai ɗin. Mama ma ta juya tana kallon but inda buhunta yake.

Inna tana tsaye a jikin bango, cikin suwaita da zane biyu da dogon hijabi, da wani mayafin ulu a kansa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Abin da na karɓa da hannuna, shi za a kai tasha a ba direban da ban san gidansu ba?”

Na ce, “Inna, rai ake magana.”

Sannan ta ce, “Ni nawa ka sa mini?”

Ban ko tsaya dubawa ba. Na san Inna, mace ce mai jiki, tun ina yaro haka na san ta. Na ce, “Saba'in, Inna.”

“Nawa ka ce ya hau?”

“Saba'in.”

Ta gyaɗa kai, ta ce ta yi mantuwa a ɗaki, ta shiga gida. Muka tsaya jira. Na zaga motar sau ba adadi, ina tunanin ko in cire tayar safaya da jak, ina kuma zagin kaina da wannan tunani. Goggo tana ta mita. Yayyafi ya ƙaru. Can sai ga matata ta fito tana murza hannu, ta matso kusa da ni ta ce Inna ta fita ta ƙofar baya ta hau keke. Ta ce a gaya mini in ɗauki baƙina da kayana in tafi, ita za ta shiga motar haya, a haɗu a Keffi.

Na ciro waya na kira ta, sai na ji wayar tana ƙara a cikin motata, a jakarta, ƙarƙashin kabeji.

Ba sai an yi mini bayani ba. Goggo dangin miji ce, ba a sauke ta. Mama baƙuwa ce da aka gayyato. Saƙo amana ne. Abin da Inna ta ga tana da iko da shi a cikin motar nan kanta ne kaɗai, shi ta sauke.

Na ce wa Goggo da Mama su shiga. Wannan karon muka haye murfin kwatar salansa ba ta taɓa ƙasa ba. Goggo ta ce, “Ka ji daɗi, lissafi ya fita.” A Terminus muka tarar da cunkoso, masu keke sun cushe ta ko'ina, masu talla sun baje har kan titi. Na yi ta danna hon kamar mahaukaci, ni da nake yi wa masu yin haka tsaki. Ina leƙa kowane keke ko zan ga mayafin ulu. Kafin mu kai tashar motocin Akwanga da Keffi rigata ta jiƙe da gumi, a cikin wannan sanyi.

Na hango ta. Wata doguwar mota ce ta mutum bakwai, an zuba mata goma. Biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, huɗu a can baya. But a buɗe, an ɗaure shi da igiya a kan buhuna da jarkoki da wani injin niƙa. Bayan motar a ɗage yake ƙyam kamar ba a ɗora mata komai ba, na san aikin roba ne. Tayoyin kuwa sun baje a ƙasa. Inna tana layin ƙarshe, a tsakiya, fuskarta kawai ake gani.

Na kama gilashi na ce, “Inna, don Allah ki sauko. Zan san yadda zan yi.”

Ta dubi gaba ta ce, “Je ka ja motarka, ka bar mutane a zaune.”

“Inna, wannan ta fi tawa lodi nesa ba kusa ba.”

Direban ya leƙo ya ce, “Oga, wane lodi? Wannan ai ba ta ma ƙoshi ba. Matsa mana mu wuce, mun daɗe muna jiran cikon mutum ɗaya kafin ta zo.” Fasinjoji suka fara gunaguni. Kafin Inna ta fito sai mutum biyar sun sauka an karya kujera, kuma na san ba za ta yarda a yi wannan hidima saboda ita a gaban jama'a ba. Motar ta ja. Na ruga na faɗa tawa na bi su.

Ban taɓa yin tuƙi irin na ranar ba. Muka wuce Bukuru, muka wuce Mararabar Jama'a, idona a kan tayar bayansu ta hagu, wadda ta fi bajewa. Duk ramin da suka faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Injin niƙan nan yana rawa a cikin igiya. In yayyafi ya ɗan lafa ina hango ƙeyar Inna tsakanin buhu da buhu. Kaina kuma ya ƙi daina aikinsa, sai haɗa mini lissafi yake yi, mutum goma sha ɗaya, buhu kaza, jarka kaza, inji. Duk yadda na rage musu sai in ga motar nan ta ɗauki abin da ya kusa ninka ƙarfinta. Tawa kuwa tana tafiya sumul, nauyinta daidai, birki na kamawa da an taɓa. Na tsani motar nan a ranar, na tsani takardar da ke ƙofarta, na fi tsanar bakina.

Direban gudu yake yi. In na matsa kusa ina tsoron ya taka birki in afka musu, in na ja baya wata mota ta shiga tsakaninmu. Goggo ta daina mita tun wajen Riyom, ta ciro carbi. Mama ta runtse ido tana tata addu'ar ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya Goggo ta ce, “Ka rage gudu, kada garin ceton ɗaya ka zubar da uku.” Na rage, sannan na sake ƙarawa ban sani ba.

Muka iso kan Hawan Kibo hazo ya sauko, kwalta ta jiƙe tana ƙyalli. Na mayar da giya ƙasa yadda ake yi, don inji ya riƙe motar. Shi kuwa direban nan fitilar birkinsa ta kama ta ƙi mutuwa. A kan birki kaɗai yake sauka, da wannan kaya. Ba a jima ba warin ƙonewa ya fara shigo mana ta taga. Na san warin. In birki ya yi zafi haka, akwai inda zai kai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. A gefen hanya ga gawar wata babbar mota da ta daɗe a kwance, ciyawa ta tsiro a cikinta. Na yi masa hon, na yi masa fitila, na fito da hannu ina nuna masa ya rage. Ya ɗago mini hannu ta taga, wai in wuce in sauri nake yi.

A wata lanƙwasa ya sha gaban wata tirela mai rarrafe, ni kuma mota ta taho ta hana ni. Suka ɓace a cikin hazo. Na maƙale a bayan tirelar nan, ina leƙawa ina komowa, ina dukan sitiyari. Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Kowace kwana muka sha sai na dubi ramin da ke gefe kafin in dubi hanya. Na ji bakina yana cewa, “Ya Allah, ni na sa ta, ni na sa ta.” Mama ta miƙo hannu daga baya ta dafa kafaɗata.

A ƙasan gangarar, inda mata suke sayar da ayaba a bakin hanya, muka same su. Motar tana tsaye a karkace, hayaƙi na tashi daga tayar gaba, direban yana fasa ledar ruwa yana watsa mata tana cuuu. Fasinjoji sun fito suna salati, wani yana zaginsa, shi kuma yana cewa ai ga shi ya tsayar da ita. Ashe da ƙyar ya samu ya saka ta cikin tudun ƙasar da ke gefe ta tsaya. Ban kashe motata ba na fita da gudu.

Kowa ya fito ban da Inna. Tana nan zaune a layin baya. Wata jarka ta zame tun a hanya ta danne mata ƙafafu, sun mutu, ta kasa tashi. Wata mata tana ta ce mata, “Hajiya, yunƙura mana.” Ta yunƙura ta koma. Da ta gan ni sai ta kawar da kai.

Na ture jarkar, na shiga da rabin jikina. Rabona da in taɓa jikin Inna, ban ma iya tunawa ba. Na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na kafa ƙafa na ɗaure baya yadda nake yi in zan ɗaga babban buhu. Na ɗaga, saura kaɗan in faɗi ta baya. Ta taso kamar ba kowa a cikin kayan. Ta cikin hijabi da mayafi da suwaita, wadda ashe biyu ce, yatsuna suka sauka a kan haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Idona yana iya yin kuskure, amma hannuna bai taɓa yi ba. Arba'in da biyu ne, in ya yi yawa da uku.

Na tsaya a bakin titi da ita a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Ta ce, “Sauke ni, mutane na kallo.” Ban sauke ta ba. Na tsallaka da ita zuwa motata. Goggo ta dubi fuskata sau ɗaya, ta fito daga kujerar gaba da kanta ta koma baya, ita da ba ta taɓa bar wa kowa gaba ba. Na zaunar da Inna, na durƙusa ina murza mata ƙafafu. Ƙwaurinta bai fi damtsen hannuna ba. Tana ta janyewa, ina riƙewa.

Mama ta jawo ni gefe. Ta ce da irin Hausarta, “My son, Maman ka ba ya cin abinci tun kafin azumi. In ya ci, ya dawo. Sau biyu ni na raka shi asibiti. Ya ce kar a gaya maka, wai kai abu kaɗan ne ka kasa barci.”

Na dubi Goggo. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ashe ita ma ta sani. Daga baya na gane matata ma ta sani, ita take dama mata kunun da take iya sha. Ni kaɗai ne a gidan ban sani ba, ni da nake tsugunawa a ƙofarta kullum, in ji ta ce lafiya lau, in tashi in tafi auna abincin kaji. Kunya ta kama ni, da tsoro, da baƙin ciki. Na juya baya na jingina da mota don kada su ga idona.

Mama ce ta buɗe but da kanta. Ta kira wata mai ayaba, suka jawo buhun dankalin su biyu, ta ce ta ajiye mata shi sai mun dawo. Inna ta fara cewa, “Haba, ya za a yi...” Mama ta ce, “Nawa ne, ni na kawo, ni na sauke. Ki yi shiru.”

Na shiga na zauna a bayan sitiyari. Ga Inna a gefena, kusa da ni yadda ba mu taɓa zama ba, ina ganin wuyanta da bayan hannunta, abubuwan da suke nan a fili tun watanni. Na ce, “Inna, tun yaushe?”

Ta juya tana kallon masu talla ta taga. Ta ce, “Sayo mana ayaba, tunda an rage kaya. Ba ma shiga gidan surukai da saura wuri a mota.”

Na fita na sayo nono biyu na ayaba, na ɗora mata a cinya. Na ce ta ci ko ɗaya ce, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ta ce to. Ta ciri ɗaya ta ɓare, na ja mota a hankali muka hau hanya. Ina tuƙi ina satar kallon hannunta. Muka wuce Akwanga, rana ta fito, zafi ya fara, Goggo da Mama suka tuɓe suwaita, ita ba ta tuɓe ba. Har muka tsaya a ƙofar gidan ƙanwata a Keffi ayabar nan tana hannunta, ta yi baƙi, ba ta gutsura ba.